Ɗigon da Ya Ƙi Juyawa

A masana'antarmu ta garin Gumi ba a sanin mutum da fuska. Kowa cikin farar riga yake daga kai har ƙafa, ga takunkumi, ido kaɗai ke waje. Da murya ake gane juna. Ita kuwa Bong Sunok tun kafin ta yi magana an gane ta, don ba ta iya tsayuwa wuri ɗaya. In ƙafa ta huta, yatsa na ƙwanƙwasa tebur.

'Yar bakin teku ce. Uwarta busassun ƙananan kifi take tsincewa a tabarma, tana ware masu karyayyen kai, a nan Sunok ta koyi duban tari guda ta hango ɗayan da ya lalace. Tana gama sakandare motar kamfani ta kwaso ta. A garin nan ta auri direban tasi, ta haifi 'yarta Yerin, ta haura arba'in, duk tana aiki a ɗakin duhu na masana'antar.

Fuskar waya muke yi, irin wadda kowane ɗigo a jikinta shi ke ba da haskensa. Na'ura ce ke fara kafa wa kowane allo allurai a gefe, ta ba shi wuta. Wanda ta yi shakkarsa sai a turo shi ɗakin duhu. Sunok ta kunna shi ja, kore, shuɗi, sannan ruwan toka. In siraran hanyoyin wutar sun haɗe, wani ɗigo ya ƙi mutuwa. In sun tsinke, ya ƙi kamawa. Da ta gani, allon ya tafi jan akwati, inda ake zuba lalatattu.

Aikin ya bi ta har waje. A gidan abinci sai ta ajiye cokali ta nufi talabijin.

"Uwar Yerin, dawo ki ci," in ji mijinta. "Na mutane ne."

"Akwai layi a kusurwa."

"Da shi suke kallo, ba wanda ya mutu."

Kowace shekara ana gwada idon masu ɗakin duhu, wanda ya faɗi kuma ya bar kujerarsa. Ana saura kwanaki a yi na bana, jan akwatin Sunok ya fara cika fiye da na kowa. Ranar jajibirin gwajin, Tak, shugaban layi, ya leƙo ɗakin da safe.

"Yaya Sunok, injiniyoyi sun duba allunan da kika zubar. Ba su ga komai ba."

"Su sayi tabarau."

"Saboda maganarki har sun kwance alluran na'ura sun sake ɗaurawa."

"Su sake kwancewa. Ɗigon na nan, baƙi ƙirin."

Ya fita yana sosa ƙeya ta saman hula. Ra Dokhi, wadda ke kujerar kusa da ita, ta jira ƙofa ta rufu.

"Yaya, a ina ɗigon yake?"

"Sama, ta hagu."

"Na jiya fa?"

"Sama, ta hagu. Ke alƙali ce?"

"Na shekaranjiya?"

Yatsan Sunok ya daina buga tebur.

"Juya allon mana," in ji Dokhi a hankali. "Ke kika koya mini. In kina shakka, ki mai da sama ƙasa. Aibin allo tare da allo yake juyawa."

"Wannan na sababbin zuwa ne. Tashi, lokacin abinci ya yi."

A ɗakin cin abinci miyar ganyen teku aka yi. Sunok ta ture kwanon gefe. Ba wanda ke shan miya mai santsi ana gobe jarrabawa, kada ya zame. Ta ci shinkafa gaya, ta tashi ɗebo ruwa, ta dawo, ta sake tashi. Dokhi ta zaro alewa mai danƙo daga aljihu, irin wadda ake ba mai jarrabawa don sa'a ta manne masa.

"Ungo, tsohuwa. Kar ta cire miki haƙori."

"Uwarki ce tsohuwa."

"Ji mana." Dokhi ta rage murya. "Allon gwajin idon nan ba su taɓa canja shi ba tun zuwana. Ke kam kin haddace shi. Gobe ki karanto da ka, ki wuce."

Sunok ta yi ta tauna alewar.

Da suka koma, allo na farko ya iso. Ja, kore, shuɗi, ruwan toka. Ɗigon na nan a sama ta hagu. Ta kai hannu wajen jan akwati, ta fasa. Ta gyara safar hannu. Ta gyara kujera. Sannan ta kama allon da hannu biyu ta mai da sama ƙasa.

Ɗigon bai motsa ba.

Ta rufe idon dama, yana nan. Ta rufe na hagu, allon ya fito tas kamar ruwan rijiya.

"Yaya?"

"Riƙe mini ƙofa."

Ta rungumi jan akwatin ta kai gaban Tak.

"Mai da su layi, lafiyarsu lau. Ka ce wa injiniyoyi su bar alluran su huta."

"To ɗigon?"

Ta nuna idonta na hagu. "Wa kake da shi da zai zauna kujerata? Asibiti za ni."

Likita ya ce jini ne kaɗan ya taru a bayan idon, ta zo da wuri, amma ɗakin duhu ya ƙare mata. Yanzu tana wajen na'urar allurai, cikin hasken da take zagi kullum. Tana goge alluran, tana sauraron ƙarar na'urar, tana kai da kawo har masu wucewa na kauce mata.

Ran Lahadin da ta wuce suna gidan abinci ita da mijinta, ta ajiye cokali, idonta a kan talabijin.

"Akwai ɗigo."

Mijin bai ɗago daga kwanonsa ba. "Naki ko nasu?"

Ta rufe idon hagu, ta karkata kai.

"Nasu," ta ce, ta ture kujera ta tashi.