Ƙwandalar da Abdulghaffar Bai Gama Saurara Ba

Idan aka miƙa wa Abdulghaffar ƙwandalar azurfa, ba ya fara duba ta. Sai ya ɗora ta a kan ɗan yatsa, ya ciro wani tsohon riyal na azurfa daga aljihu, ya ƙwanƙwasa gefenta, ya runtse ido. Ko ana yi masa magana ba ya amsawa sai amon ya mutu.

A nan Jidda aka haife shi. Kakansa ya taso daga ƙasar Katsina don aikin Hajji, bai koma ba. Ya fi shekara talatin yana aiki a wani shagon azurfa a tsohuwar unguwar Balad, tun uban Hatim ne mai shagon har Hatim ya gada. Ni ina sayar da carbi da turare a ƙofar da ke kusa, shayinmu ɗaya.

Ya sha gaya mini cewa da, kunne da sikeli sun isa. Da masu jabu suka ƙware, sai masu buga ƙwandalolin a ƙasashen waje suka shiga sauya zane. Wata suka zuba mata layuka sirara kamar gashin jariri. Wata suka ɓoye mata 'yar alama da ba a gani sai da gilashin ƙara girma. Wata kuma in ka karkata ta, hoton ya juye ya zama wani. A daidai wannan lokacin ne idonsa ya fara hazo.

"Sun bar kunne sun koma ido," in ji shi. "Ni kuwa ido ya fara yi mini sallama."

Daga nan dubawa ta koma hannun Hatim. Abdulghaffar bai yi ƙorafi ba, amma riyal ɗin bai bar aljihunsa ba.

Zubaidatu mutuniyar Damagaram ce. Aikin Umara ne ya kawo ta, ta zauna tana sayar da ɗanwake a unguwar Sharafiyya. Ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama, balle ta doshi banki. Duk abin da ta tara sai ta mai da shi ƙwandalar azurfa, ta saya wurin duk wanda ya kawo. Da ta yanke shawarar komawa gida, waɗannan ne guzurinta, su ne kuma ɗakin da take son ginawa.

Ta zo da su wata la'asar a ƙulle cikin ɗankwali. Shaguna biyu sun riga sun mayar da ita. Da ta kwance, suna ta walƙiya har suna kashe ido. Hatim ya sa gilashi, ya daɗe, sannan ya ɗago.

"Ya Hajja, me kika yi musu?"

"Me na yi kuwa? Tsafta. Kowace Juma'a toka da lemun tsami, yadda innarmu take yi wa awarwaronta."

"Kin goge shaidarsu. Layukan sun dushe, alamar ma da ƙyar. Halas, shi ke nan, ba zan iya saye ba."

Ta shiga murza bakin ɗankwalin. Sai Abdulghaffar ya jawo kujerarsa.

"Hajiya, ke da an ba ki takardar gida, da kin wanke ta ita ma."

"Baba, ka bar tsokana. Gumin shekaruna ne."

"Na sani. Kawo su nan. Toka tana cin fuska, ba ta cin murya."

Ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗora a sikeli, Hatim ya karanta masa nauyin. Ya kusantar da maganaɗisu. Sannan ya ciro riyal ɗinsa. Na bar kayana na zo na tsaya a bakin ƙofa. Kowace ya ƙwanƙwasa sai ta saki dogon amo siriri, shi kuma ya ajiye ta dama.

"Ya Ammu, ka tabbata?" in ji Hatim.

"Na taɓa gaya wa mahaifinka abin da ban ji ba?"

Hatim ya karɓe su a kan farashin nauyin azurfarsu. Na ga kafaɗun Zubaidatu sun sauka.

Guda ɗaya ce Abdulghaffar ya ƙwanƙwasa sau uku, ya ajiye ta hagu.

"Baba, in jabu ce ka faɗa mini, ba zan suma ba."

"Ban ce ba. Amonta ya gajarta. Ko ita ce, ko kunnena ne ya gaji, ga kasuwa ta cika da hayaniya. Bar mini ita zuwa safiya, kafin a buɗe shaguna. Ba na so in kira ta maƙaryaciya a cikin jama'a."

Ya naɗe ta a takarda, ya rubuta sunan Zubaidatu da manyan baƙaƙe, ya sa a aljihun tebur.

Da safe bai fito ba. Ciwo ya kwantar da shi, bayan kwana tara muka kai shi makwancinsa. Zubaidatu ta zo ta'aziyya kafin ta tafi. Hatim ya miƙa mata ƙwandalar, ta mayar masa da hannunsa.

"Bai gama da ita ba," in ji ta.

Ta isa gida lafiya. An ce ɗakin ya kai rufi.

Akwai masu na'urar da za ta raba gardamar nan take, Hatim ya san inda suke. Bai kai ta ba, ni kuma ban tambaye shi dalili ba. Iyalan Abdulghaffar sun ba ni riyal ɗin. Wata safiya na roƙi Hatim ya buɗe aljihun teburin, na ɗora ƙwandalar a yatsa, na ƙwanƙwasa, na runtse ido yadda yake yi. Na ji amo. Ko dogo ne ko gajere, ban sani ba. Muka mayar da ita cikin takardarta.