Siririn Jirgin Usman

Wata Laraba bayan La'asar, a shekarar da na shiga aji huɗu, ruwan sama ya sauko a Makka. Na yar da jarkar da Umma ta aike ni da ita, na ruga na ɗauko jirgina. A unguwarmu Nakkasa in an yi ruwa, lungunmu mai gangara rafi yake komawa, mu kuwa yara sai tsere. Jiragenmu tagwaye ne: mukan sassaƙa ƙananan kwale-kwale biyu daga fillin, farin akwatin nan mara nauyi da masu kifi ke zubarwa, mu haɗe su da tsinken tsire, mu kafa leda a tsakiya. Ni masu faɗin ciki nake yi don kada su kife. Abokina Usman, maƙwabcinmu da iyayensa suka zo ta Chadi, sirara yake fiƙewa kamar wuƙa. A ranar nasa ya wuce na kowa, amma a kwanar masallaci ya dulmiya hanci ya wuntsila. Na yi masa dariya har da riƙe ciki.

Ɗan taurin kai, ko a jikinsa. Ya sassaƙa sabo, ya ɗaga hancin sama kaɗan, ya ƙara tazara tsakanin tagwayen. Kullum maganarsa ɗaya ce: "Wallahi ya shekh, bari dai ruwa ya dawo." To amma Makka ce, ruwa sai ya ga dama. Mun gwada a bahon wanki, kafin jirgi ya motsa ya daki bakin baho. Ana cikin haka aka shafa wa gidansu jan fentin rusau. Ba su da iƙama, wato takardar izinin zama, babansa ya ce ƙasarsu za su koma. Na riƙa hawa saman ɗaki ina roƙon Allah ko da yayyafi ne, amma sama fes, ko ɗigon gajimare babu. Ranar tafiya ya miƙo mini jirgin ya ce, "Halas, shi ke nan, kai ka gwada mana."

Sai da sanyi ya shigo ruwan ya zo. Na saki jiragen biyu tare. Nasa ya sha kwanar masallaci lafiya lau, ya bar nawa can baya yana tangaɗi. Na juya da ihu in gaya masa, ban ga komai ba sai ɓaraguzan gidansu. A nan na tsuguna na yi kuka.

Yanzu a unguwar Rusaifa nake zaune, lungun nan babu shi. 'Ya'yana kan nuna mini tseren manyan jiragen ruwa a waya, tagwaye, sirara kamar nasa. Usman, kai ne da gaskiya, kuma har yau ban san inda zan kai maka wannan magana ba.