Idon da Na Zana wa Yagana

Har gobe ina tuna ranar da aka kawo Yagana daga Konduga. Ni ne mai haɗa idon roba a sashen ido na asibitinmu a Maiduguri. Idan likita ya cire ido, wurin ya warke, ni ke saka madadinsa. Yarinyar ba ta wuce shekara shida ba, wani ƙari ya turo idonta na hagu waje. Likitoci na tsoron sankara ce. Suka yanki ɗan nama suka aika ɗakin gwaji, suka ce in ta tabbata, sai dai a cire idon.

Ƙa'ida ita ce in jira. Amma ni sarkin zumuɗi, na sa aka zaunar mini da ita na fara zanen ƙwayar, ina kwaikwayon idonta na dama. Na baza fenti ina ta hura hanci. Mahaifinta, Ba Modu, yana tsaye a ƙofa, ya kasa kallon teburina.

Yagana ta dube ni ta ce, "Baba, zai riƙa gani?"

Na yi gyaran murya, na ce ta daina motsi.

Wallahi ban taɓa zana ido mai kyansa ba. Ofis-ofis na bi ina nuna wa abokan aiki.

Ran nan Yagana da mahaifinta suna wurina, sai ga babbar likitarmu da sakamako, fuska a sake. Ta ce, "Malam Bukar, tattara fentinka. Ba sankara ba ce. Ƙari ne na kumburi, ba kasafai ake ganinsa a yara ba, kuma ba ya yaɗuwa. Magani za mu ba ta, idonta na nan."

Ba Modu ya durƙusa yana hamdala. Ni kuwa abin da ya fara fita bakina shi ne, "To, idon da na zana fa?"

Likita ta harare ni. Sai a lokacin na ji abin da na faɗa. Kunya da murna suka rufe ni, na bi Ba Modu ƙasa ina share ƙwalla.

Da kumburin ya sauka, Yagana ta leƙo ta ce in nuna mata idon robar. Ta juya shi a tafin hannunta, ta ƙare masa kallo da idanunta biyu, ta ce, "Baba, nawa ya fi kyau."

Yana nan a aljihun teburina. Ku sababbin shiga, ku riƙe wannan: a sana'armu, babu rana mai daɗi kamar ranar da aka ce ba a bukatarmu.