Rubutun da Sai Mama Ta Zauna Yake Miƙewa

Har gobe ban manta da wata Alhamis ta ƙarshen Nuwamba ba, lokacin haƙar citta, ina wata na uku da fara koyon aikin sitika a shagon Malam Garba a nan Kafanchan. Ku sababbin zuwa kun same ni ina yi wa mutane gyara, ba ku san shekara goma sha ɗaya na yi ina birkila ba, sai da bayana ya ƙi ɗaukar bulo na sauya sana'a. Malam ya ba ni wata uku na gwaji: in na iya in zauna, in ban iya ba kowa ya kama gabansa. Ga mata da 'ya'ya uku a gida, ga baya ya tashi daga aiki.

Ranar Malam ya tafi Kaduna sayayya, ya bar mini aikina na farko ni kaɗai. Bas ce tsohuwa ta zumuntar matan wani coci a Manchok, za a rubuta sunan ƙungiyar a gefe da sitika mai ruwan gwal, ran Lahadi kuma a yi mata addu'a. Abin da ya rage na sitikar bai wuce na yanka ɗaya ba.

"Ka auna daga jikin mota, Danjuma," in ji Malam kafin ya tafi. "Daga layin taga."

Na ce to. A zuciyata kuwa na ce, mai fenti ne zai koya wa birkila miƙaƙƙen layi?

Na tsara rubutun a kwamfuta, injin ya yanka, na tsince ɓawon da ke tsakanin haruffa, na shimfiɗa tef ɗin da ke ɗauke su gaba ɗaya. Sannan na ɗauko tsohon ma'aunina na gini, katakon nan mai ƙwayar ruwa a tsakiya. Na daidaita har ƙwayar ta tsaya cak, na manna, na goge iska. Na lura rubutun bai bi taga ba, na ce ai motar ce ta karkace.

Ashe buhunan citta ne maƙare a bayanta. Bulus direba ya ja motar zuwa kasuwa ya sauke kaya, ya dawo. Baya ya ɗaga, sunan zumunta ya kama gangara zuwa gaba kamar akuya na saukowa daga dutsen Kagoro. Sitika ba ta ɓantaruwa ta sake mannuwa, ga Malam da shugabar mata suna tafe ƙarfe huɗu.

Dabarar da ta zo mini ke nan: in mayar da nauyin. Na roƙi Sale mahauci, da mai shayin bakin titi, da Ayuba mai faci, da wasu 'yan acaɓa biyu, na jera su a kujerar baya na rufe gilashi. Rubutu ya miƙe sambal.

Malam ya iso tare da Mama Talatu, shugabar zumunta, mace mai jiki masha Allah, da mataimakanta biyu da ba su bar mata komai ba wajen jiki. Malam ya ja da baya yana kallo.

"Waɗannan fa?"

"Inuwa suke sha, Malam."

"Da gilashi a rufe?"

Kafin in haɗa wata ƙaryar aka kira la'asar. Sale ya sauko, rubutu ya ɗan sunkuya. Mai shayi ya biyo shi, ya ƙara. Wani ya turo babur yana ƙwala wa Ayuba kira. A gabanmu sunan zumunta ya yi ta gangarawa mutum bayan mutum. Kunya ta ishe ni har na ji ƙwalla, na san aikina ya ƙare.

Mama Talatu ta tafa hannu. "Kai ɗana, wannan rubutu zai je Manchok kafin mu ne?"

Malam ya ce a yi haƙuri, shi zai sake, ni kuma in tattara kayana. Mama ta dube ni, ta ga yadda na dafe baya. Ta yafito mataimakanta, suka shige kujerar baya suka baje. Motar ta yi ƙara, rubutu ya miƙe.

"Bulus, ya yi?"

"Ya yi, Mama!"

"To shi ke nan. Dama kullum ana faɗa a kan sit na gaba. Daga yau manya a baya. Malam, kada ka kore shi, motan mu ne, mun karɓa."

Malam ya ƙwace ma'aunin ya rataye shi a bango, ga shi can har yau, ya wuce masallaci yana girgiza kai.

Shi ya sa nake ce muku ku auna daga jikin mota, ƙasa ba ta bin ta tafiya. Na kuma koyi cewa wani aikin ba gwaninta ke tsayar da shi ba, mutane ne ke zama a kai su rufa maka asiri.

Shekara shida, in bas ɗin ta wuce, rubutun nake duba in san ko Mama na ciki. Bara Bulus ya tsaya ƙofar shago, mata cike da mota, rubutu ya ɗan sunkuya. Tun kafin ya buɗe baki na gane Mama ta rasu. Na ce su kawo in sake musu kyauta, yanzu na iya. Suka ce a'a. Wurinta ne a kujerar baya suka bari ba kowa.