Ranar da Dangi Suka Yi Mini Ta'aziyyata

Ni da yatsana na tura hoton nan, babu wanda ya sa ni. Na ɗauka dariya za a yi a wuce. To, ko zan tsufa har haƙorana su zube, ba zan manta da abin da ya biyo baya ba.

Lokacin ina shekara goma sha huɗu, muna zaune a unguwar Parkchester a Amurka. A saman gidanmu akwai wata tsohuwa Baturiya mai zane da fentin mai. Ba ta zana fure ko kogi, masu addu'a kawai take zanawa: wata mata a durƙushe a coci, wani tsoho ya lulluɓa da mayafi yana karatu. In ka shiga ɗakinta sai ka rage murya da kanka, don gani kake za ka katse wa mutane ibada. Wata rana a cikin lif ta ƙura mini ido, ta ce a cikin masu addu'arta saura Musulmi, kuma fuskata take so. Na san dama ni kyakkyawa ne, mutanen gidanmu ne dai ba su lura ba. Mama ta yarda. Baba ya ce, "Bari in yi tunani," ni kuma na fassara shi da "je ka."

Matar nan ba ta sayen fenti a kanti. Garin launi take zubawa a kan faffaɗan dutse, ta ɗiga mai, ta yi ta niƙa kamar mai niƙan kayan miya. Ta ce haka masu zane na zamanin da suke yi, kuma hannunta ya fara rawa, don haka wataƙila ni ne na ƙarshe. Aikina in zauna a kan darduma, in rufe ido, in ɗaga hannu. Kada ku raina wannan aiki. Hancin da bai taɓa yi mini ƙaiƙayi ba, ranar ya tuna da ni.

Bayan zama da yawa ta ce in zo in gani. Na leƙa, na ja da baya. Ni ne sak, har tabon da ke girata, amma launina toka-toka mai ratsin kore, ido a rufe, kamar wanda aka ciro daga firjin asibiti. Ta ce wannan shimfiɗar farko ce, haske da inuwa kawai, launin fata sai daga baya. Ban tsaya saurara ba. Na ɗauki hoto na jefa a guruf ɗin dangi na waya, na rubuta a ƙasa: "Ga yadda Amurka ta mayar da ni."

Kafin in sauko ƙasa Kano ta kama da wuta. Gwaggona ta turo saƙon murya, kuka ya fi magana yawa. Wani kawu ya tambaya ko a nan za a yi jana'iza ko za a kawo gida. Wata da ban ma san ta ba ta rubuta, "Allah ya sa ya huta, yaro mai ladabi." Wannan yabon kam ban taɓa samun sa ina raye ba.

Baba ya dawo daga asibitin da yake aiki, ko takalmi bai cire ba.

"Zo nan, marigayi."

Na zo.

"Yau mutum nawa suka yi mini gaisuwa, ka sani? Gwaggonka jininta ya hau. Daga yau ƙafarka ba ta sake taka saman nan."

In ban koma ba, haka zan dawwama a toka, kuma tsohuwar ba ta da ƙarfin soma wani. Na ce, "Baba, don Allah ka je ka gani da idonka. In ka ce a bari, na bari." Mama ta sa baki, ta ce ai ko don maƙwabtaka ya kamata a yi wa baiwar Allah bayani. Ya yi tsaki, amma ya shige gaba.

Tsohuwar ba ta yi dogon bayani ba. Ta ɗauki burushi mai laushi, ta lakato wani launi ja-ja mai duhu, siriri kamar ruwan shayi, ta shafa a kumatun zanen. Wallahi a gaban idonmu jini ya shiga fuskar. Tokar ba ta ɓace ba, tana ƙasa tana riƙe da inuwa, amma kumatun ya zama na mai numfashi. Ta ce haka za ta yi ta ɗorawa, shafi kan shafi, kowanne sai ya bushe.

Baba ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce mata, cikin Turancinsa na likitoci, malamanmu sun yi magana a kan zanen mai rai, shi dai ba zai rataye wannan a gidansa ba. Ta ce ba ta nema ba. Na ce a raina shi ke nan, an rufe ni. Sai ya matsa kusa, ya nuna hannayen, ya juyo gare ni da Hausa.

"Kai, wannan addu'a ce? Wannan ai mai jiran a zuba masa gyaɗa ne."

Da na fassara mata, ta yi dariya har da tari. Ta ce ta kankare hannayen nan ta sake ya fi a ƙirga. "Yaron ba ya roƙon komai," in ji ta. "Hannun da ba ya roƙo, ba na iya zana shi."

"Duba nan," in ji Baba. Ya ɗaga hannayensa don ya nuna mini, waɗannan hannayen da sabulun asibiti ya busar har suka tsage. Sai dai Baba bai iya ɗaga hannu a banza ba. Leɓensa ya fara motsi da kansa. Tsohuwar ta lalubo gawayin zane a hankali, ta ce, "Kada ka motsa." Mutumin da ko Mama sai ta yi dabara take ba shi umarni, ya tsaya cak.

Da muka shiga lif na ce, "Baba, me ka roƙa?"

"Shiriyarka. Shi ya sa na daɗe."

Ya yarda in koma, bisa sharaɗin in kira Gwaggo ta bidiyo ta gan ni ina motsi, kuma shi fuskarsa ba za ta shiga zane ba. Gwaggo ta zage ni tas, sannan ta sa mini albarka.

Abin da na koya shi ne, aikin da ba a gama ba, ba a yanke masa hukunci, ba a kuma kai shi gaban dangi. Ni kaina a lokacin shimfiɗar farko ce, kuma Baba ya san haka, shi ya sa yake ta ɗora mini shafi.

An gama zanen bayan watanni, yana rataye a ɗakin tsohuwar tare da sauran masu addu'arta. Fuskar tawa ce. Hannayen na Baba ne.