Fukafukan Dodon Auta

Tun yana koyar da zane a sakandare ɗalibai suka laƙaba masa Jan Biro, sunan kuma ya bi shi har gida bayan ya yi ritaya. Ƙa'idarsa guda ce: takardar da ta shiga hannunsa ba ta fita sai da gyara, domin a ganinsa yabo ba ya koya wa hannu komai. Da matarsa ta rasu, 'ya'ya suka watse, falon ya rage daga shi sai kujera mai lotsattsen kushin da rediyon da ba ya kama tasha.

Autarsa ce kaɗai ke zuwa ta zauna. Ma'aikaciyar jinya ce, amma zane ya shiga jininta, duk abin da ta zana kuwa sai ta kawo masa. Ya sani sarai zanen nan ne ke zaunar da ita, in babu shi ba su da hirar yi.

Wata Asabar ta shimfiɗa masa zanen barkwanci a kan tebur. Labarin wani dodo ne mai ƙaton tumbi, fukafukansa kamar na ɗan tsako. A hoton farko yana cika baki zai keta gajimare. A na ƙarshe ga shi cushe cikin bas, kwandasta na roƙonsa ya naɗe jelarsa a samu a rufe ƙofa.

"Baba, wata mujalla ce ta ce in kai musu. Ban yi kwafi ba tukuna, dubawa kawai za ka yi, ka ji?"

"Yau kuma ƙwai zai koya wa kaza? Je ki ɗora mana shayi."

Tana shiga kicin ya gyara zaman tabarau. Layukan sun yi kyau, inuwa ta zauna daidai, amma fukafukan sun tsaya masa a rai. Halitta mai wannan nauyi ba za ta ɗaga da waɗannan ba. Hannunsa ya tafi aljihun riga kamar yadda ya saba, ya zaro jan biro. Ya faɗaɗa fukafukan, ya fitar da ƙasusuwansu hoto bayan hoto, sannan ya rubuta a gefe: a kula da daidaiton jiki.

Ta dawo da kofuna, ta tsaya cak.

"Innalillahi! Baba, me ka yi?"

"Na gyara miki. Yanzu zai iya tashi."

"To in zai tashi, me ya kai shi cikin bas?"

Ya sake duban takardar. A lokacin ya gane inda dariyar take, ya kuma ga jar tawada kwance a kanta. Kalmar ban haƙuri ta zo masa har maƙogwaro, amma bakin bai saba da ita ba.

"Ko almara ce, tana da ƙa'ida," in ji shi.

"Murmushi kawai na zo nema, Baba."

Ta naɗe takardar a hankali, ta bar shayin ya huce.

Ba ta yanke zumunci ba, ba haka aka rene ta ba. Takan zo ta auna masa hawan jini, ta jera magunguna, ta duba agogo. A bakin maƙwabci ya ji cewa ta sake zana dodon, ya fito a mujalla, mutane na ta dariya.

"Ai ka gani tun kafin kowa, ko Malam?"

"Na gani," ya ce, ya shige ciki.