Fayil ɗin da na sa Nasiru ya ajiye

Shekara huɗu ke nan da 'yan bindiga suka tare motar da abokina Nasiru yake ciki a hanyar Tsafe. Gawarsa ta dawo Gusau, kwamfutarsa ba ta dawo ba.

Sana'armu ɗaya. Masu shafin intanet kan ɗauke mu mu gwada kutsawa cikin shafinsu, mu nuna musu ɓaraka kafin ɓarawo ya gano ta. Manhajar da muke aiki da ita takan tambaya tun farko: aikin wucin gadi ne, wanda zai goge da an rufe ta, ko a buɗe masa fayil a ajiye? Nasiru kullum na wucin gadi yake zaɓa. In caji ya ƙare, aikin yini guda ya tafi, ya sake daga farko yana tsaki. Na sha yi masa dariya, ina ce masa mai son wahala.

"Bello, duk abin da ni gani shina shiga cikin wanga fayil," in ji shi. "Ba ni son ajiyar asirin mutane."

Ban ƙyale shi ba sai da ya yarda. Aikin farko da ya ajiye na wata makarantar kuɗi ce a Gusau. Ɓarakar da ya samu ta fito da sunayen ɗalibai, da sana'ar iyayensu, da kwatancen gidajensu har Bungudu da Kwatarkwashi. Saura kwana biyu ya miƙa rahoto ya goge fayil ɗin aka tare su.

Bayan sadakar uku na je na gaya wa shugabar makarantar, Madam Rifkatu. Muka toshe ɓarakar, muka sauya kalmomin sirri. Da zan fita ta ce, "Malam, gidajen yaran fa?"

Mutane na ce mini waɗannan 'yan bindigar ba su san kan kwamfuta ba, sun daɗe da sayar da ita. To, wa ya saya? Kuma ban san ko Nasiru ya kulle fayil ɗin ba, don ban taɓa tambayarsa ba. Da yana raye ya ga yadda yau ake kiran mutum da sunansa da na 'ya'yansa kafin a zo ɗaukarsa, kallona kawai zai yi.

Allah ya jiƙan Nasiru. Ya bar mini tsoronsa, kuma da shi nake aiki. Har yau in na ji an ɗauki yaro, ba na fara tambayar ɗan wane ne. Makarantarsu nake tambaya.